Yadda zaka karanta wa ƙananan ɗalibai littafin biki mai hotuna har su nutsu su bi labarin

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin ƙananan yara a satin da ake shirin biki ya san halin da ake shiga, jikinsu yana aji amma hankalinsu tuni ya yi gida, wannan yana ba wancan labarin abin da aka yi masa alkawari, wata tana lissafin kwanakin da suka rage da yatsunta, kai kuma kana tsaye kana ta "ku yi shiru" ba mai jinka. To a irin wannan lokacin ne malamai da yawa ke janyo littafin biki mai hotuna su karanta don dai a ci lokaci kafin a buga ƙararrawa. Ni kuma abin da nake so in nuna shine wannan karatun darasi ne cikakke, wani lokacin ma ya fi wanda ka rubuta a allo da safe shiga kan yaro, amma fa sai an yi masa shiri. Ina magana ne kan yara 'yan shekara 4 zuwa 8, daga naziri zuwa aji biyu ko uku na firamare, kuma malami ko malama ko uwa ko yaya a gida duk hanyar ɗaya ce.

Dalilin da yasa nake ɗaukar abin da nauyi shine kunnen yaro ya riga idonsa nisa. Yaron da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar zai iya bin labari mai sarƙaƙiya in dai karanta masa ake yi, kuma littafi yana ɗauke da kalmomin da ba kasafai ake jinsu a hira ba. A 1988 wasu masu bincike a Amurka, Hayes da Ahrens, sun ƙirga kalmomin da ba a cika amfani dasu ba, suka tarar littattafan yara suna da kusan 31 a cikin kowace kalma 1000, hirar manya masu digiri kuma kusan 17. Kaga kenan ɗan littafin nan da ake raina wa ya fi hirarmu ta yau da kullum wadatar kalmomi. Littafin biki kuma yana da wani ƙari, yaro ya zo da nasa sanin tun daga gida, yana da abin cewa, ba sai ka roƙe shi ya damu da labarin ba.

Mataki na farko, zaɓen littafi, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Littattafan biki da yawa ba labari bane a cikinsu, jerin kaya ne kawai, ga ado ga kyauta ga fitilu ga baƙi shikenan an gama. Irin wannan ba ya riƙe yara fiye da shafi biyar. Ka nemi wanda akwai mutum ɗaya da yake son wani abu kuma wani abu ya tare masa hanya, misali yarinyar da ta haɗa wa kakarta kyauta da hannunta sai kyautar ta ɓata ana gobe biki, ko yaron da ya koma sabon gari zai yi bikinsa na farko ba tare da abokansa ba. Da zarar akwai matsala to akwai "sai me ya faru", kuma wannan tambayar ce ke zaunar da yaro waje ɗaya.

Sannan ka duba hotunan daga nesa, ba daga hannunka ba. Ka jingina littafin a kan tebur ka koma inda yaron ƙarshe zai zauna ka gani ko ana gane fuskokin mutanen. Akwai littattafai masu kyan zane sosai amma zanen ƙanana ne cunkus, waɗannan na karatun mutum biyu ne a kan cinya, ba na aji ba. Tsawo kuma, yawancin irin waɗannan littattafan shafi 32 ne saboda yadda ake naɗe takarda a maɗaba'a takwas-takwas ko sha shida-sha shida, don haka ba yawan shafi zaka duba ba, yawan rubutun da ke kowane shafi zaka duba. 'Yan naziri layi biyu zuwa huɗu a shafi ya ishe su, kuma zaman kar ya wuce kamar minti 10. 'Yan aji biyu da uku suna iya kaiwa minti 15 zuwa 20 in labarin ya yi daɗi.

Sai batun wane biki. Wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta yi wani bayani a 1990 da har yau malamai ke yawan kawowa, cewa littafi yakan zama wa yaro madubi ya ga kansa a ciki, yakan kuma zama taga ya leƙa rayuwar wasu. Yaro yana buƙatar duka biyun. Idan duk shekara bikin da mafi yawan ajin ke yi kaɗai ake karantawa, to akwai yaran da ba su taɓa ganin kansu ba, sauran kuma ba su taɓa leƙa waje ba. Duniya cike take da bukukuwan da aka yi wa littattafan yara, Ramadan da Idi, Kirsimeti, Hanuka ta Yahudawa mai dare 8, Diwali ta Indiya da ake kunna ƙananan fitilun yumɓu, Sabuwar Shekarar Sin da ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu da dabbobinta 12 da ake kiran shekaru da sunayensu. Shawarata ka karanta kowanne a kusa da lokacinsa, kar ka tara su duka a sati ɗaya a ƙarshen shekara kamar duk lokacinsu ɗaya, domin ba ɗaya bane. Idi ma kowace shekara matsowa yake da kusan kwana 11 saboda lissafin wata ake bi. Kuma in bikin ba naka bane ka tabbata wanda ya rubuta littafin ya san abin daga ciki, ka karanta ɗan bayanin da akan saka a ƙarshen littafi, ka koyi yadda ake furta sunayen. In a makarantarku akwai ƙa'ida kan abin da ya shafi addini ka bi ta, kuma ba laifi ka sanar da iyaye tun da wuri wane littafi zaka karanta da dalili, yawancin rigimar da ake yi daga rashin sanarwa take tasowa.

Mataki na biyu, ka karanta shi kai kaɗai da murya kafin ka shiga aji. Da murya fa nace, ba da ido ba. Da ido komai santsi yake, sai ka buɗe baki zaka ji inda harshe ke sarƙewa, inda jimla ta yi tsawo numfashi ya ƙare, inda ya kamata ka dakata. Kana yi kana riƙe da fensir ko 'yan ƙananan takardu masu manne, ka yi alama a wuri uku ko huɗu da zaka tsaya ka yi tambaya, kar su wuce haka. Ka fitar da kalma biyu ko uku da kake so yara su tafi dasu gida, kuma ka zaɓi waɗanda za su sake haɗuwa dasu a wasu wurare, irinsu zumuɗi, karamci, kewa, ɗoki, ba sunan wani abu da sai shekara ta zagayo za a sake jinsa ba. Kowace kalma ka tanadi bayaninta a jimla ɗaya gajera, "kewa shine in wanda kake so baya nan zuciyarka tana ta nemansa", shikenan ka wuce. A wannan karatun gwajin ne kuma zaka gano in akwai shafin da zai taɓa wani yaro a ajinka, zan dawo kan wannan.

Idan littafin da wani harshe aka rubuta shi wanda yaran basu ƙware ba, ka yanke shawara tun yanzu yadda zaka yi. Fassara kowace jimla bayan ka karanta ta yana kashe labari, kuma yara suna saurin gane dabarar sai su daina sauraron na farkon su jira fassara. Gara ka basu gundarin labarin a harshen da suka fi ji kafin a fara, ba tare da ka faɗi ƙarshensa ba, sannan ka karanta kana nuna hoto kana amfani da fuska da hannu, tambayoyi kuma ka bari su amsa da harshen da ya zo bakinsu.

Na uku zama ne, wannan ba wuya. Ka tara su kusa da kai a ƙasa ko a ja kujeru a yi rabin da'ira, kai ka zauna a ɗan abu mai tsayi kaɗan yadda littafin zai zo daidai idonsu, haske ya faɗo kan shafi ba bayanka ba. Masu yawan motsi ka ajiye su kusa da kai tun kafin a fara ba sai sun yi laifi ba, wanda baya gani sosai ko baya ji sosai shi ma gaba. Littafin ka riƙe shi a gefen kafaɗarka a buɗe yana kallonsu, kana karantawa ta gefe, shi yasa karatun gwaji ke da amfani don rabin jimlolin sun riga sun zauna maka. Ka tambaya sau ɗaya "kowa yana gani?" ka gyara, daga nan ba a sake tashi.

Na huɗu, bango. Kar ka yi saurin buɗewa. Ka nuna bangon ka karanta sunan littafin kana bin rubutun da yatsa, ka faɗi sunan marubuci da na mai zane ka ce wannan shi ya tsara maganar wannan kuma shi ya zana, yara da yawa basu san mutum ne ke yin littafi ba sai an faɗa musu. Sai ka tambaya me suka gani, me suke tsammanin zai faru. Ka karɓi amsa biyu ko uku kawai. A nan ne littafin biki ke da haɗari domin kana cewa biki hannu ashirin zai tashi kowa yana so ya ba da labarin gidansu, in ka biye musu an tashi ba a karanta komai ba. Abin da ke aiki shine ka ce kowa ya juya ga na kusa dashi ya faɗa masa abu ɗaya da ya sani game da wannan bikin, ka basu kamar rabin minti, sai ka yi alamar da kuka saba, tafi ko ɗaga hannu, kowa ya dawo. Kowa ya samu ya fitar da abin da ke cinsa kuma lokaci bai tafi ba. Daga nan ka basu abin nema, "ku saurara ku gano me yasa yarinyar nan ta ɓoye a bayan ƙofa". Yaron da aka ba abin nema sauraronsa daban ne.

Na biyar shine karatun kansa, kuma in abu ɗaya zaka ɗauka a nan to ka rage gudu. Kusan kowa sauri yake yi, musamman in ya ga yara sun fara motsi sai ya ƙara wuta don ya gama, alhali saurin ne ke sa su motsin don an bar su a baya. Wani bincike da Evans da Saint-Aubin suka yi a Kanada a 2005 da na'urar bin motsin ido ya nuna ƙananan yara in ana karanta musu kusan duk lokacin hoto suke kallo, rubutun da ƙyar suke waiwayarsa. Wato kai kana karanta kalmomi su kuma suna karanta zane, kuma zane yana son lokaci. In ka gama rubutun shafi ka yi shiru ka zagaya da littafin a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ka ƙirga biyar a zuciyarka kafin ka juya. Sau da yawa a wannan shirun ne wani zai ce "Malam kalli, kyautar tana ƙarƙashin kujera!" ya ga abin da rubutun bai faɗa ba, kuma masu zane da gangan suke ɓoye irin wannan.

Murya kuma ba sai ka zama ɗan wasan kwaikwayo ba, kar wannan ya hana ka. Abu uku ne a hannunka, ƙarfi da sauri da dakatawa. Inda ake cikin ɗoki ka ɗan ɗaga ka ɗan yi sauri, inda abin tausayi ne ka sauke, inda za a buɗe ƙofa ko akwati ka tsaya cak da hannunka a kan shafin kar ka juya sai sun matsu. In aji ya fara hayaniya ka rage murya maimakon ka ɗaga, za su matso da kunne. Muryoyin mutanen labari kuwa ɗan bambanci kaɗan ya isa, kaka a hankali, yaro da sauri, amma ka kiyaye kwaikwayon karin harshen wasu mutane don a yi dariya, musamman a littafin bikin da ba naku ba, yara suna ɗaukar wannan su tafi dashi filin wasa. Idan akwai jimlar da ke maimaituwa a littafin ka koya musu ita a karo na biyu, daga na uku ka yi shiru ka nuna su su faɗa. Lokaci-lokaci kuma ka ja hankalinsu ga rubutun tunda da kansu ba za su kalla ba, "kun ga wannan kalmar an rubuta ta da manyan baƙaƙe, me yasa?", sau ɗaya ko biyu a littafi ya wadatar.

Na shida, tambayoyi, a wuraren da ka yi wa alama. Akwai wata hanya da Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 1988 da iyaye masu yara 'yan ƙasa da shekara uku, daga baya ta shiga makarantu, ana mayar da karatu hira. Tsarinta huɗu ne a jere, ka jefa tambaya, ka ji amsar ka karɓe ta, ka faɗaɗa ta da ɗan ƙari, sannan ka sa yaron ya sake faɗa. Misali ka ce "yaya fuskar yarinyar nan take?" wani yace "tana kuka", kai kuma kace "haka ne, tana kuka don tana kewar babanta da bai dawo ba, me take yi?" su ce tana kewarsa. Kaga kalmar da ka tanada ta shiga ba tare da an rubuta ta a allo ba. Ka rage tambayar e ko a'a da tambayar wane kala ne wannan, ka yawaita me yasa, me kuke gani zai faru, da kai ne ya zaka yi. Kuma bayan ka tambaya ka jira, daƙiƙa uku zuwa biyar, domin masu saurin ɗaga hannu kullum su ne dai su ne, mai kunya sai an bashi sarari amsarsa ke fitowa. Amma a karatun farko kar ka cika tsayawa, labarin da aka yanka gunduwa-gunduwa ba ya daɗi, kuma in yara sun yi tsit idonsu na kan littafi to ka tsallake tambayar da ka shirya ka ci gaba, abin da kake nema ka riga ka samu.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa, kuma a wurina ya fi duk sauran nauyi. Biki ba daɗi yake wa kowane yaro ba. A cikin ajin nan akwai wanda wannan ne bikinsa na farko babu mahaifiyarsa, akwai wanda iyayensa sun rabu bai san gidan da zai yi bikin ba, akwai wanda ya san ba za a saya masa komai ba, akwai kuma wanda gidansu ba sa yin wannan bikin kwata-kwata. Littafin kuma ga shi cike da gida mai yalwa kowa na dariya. Don haka ka bar tambayar "me aka saya maka" da "me za a baka", wannan tambayar gasa take haifarwa kuma wanda ba shi da amsa shi ke komawa gida da ita a ransa. Ka tambayi abin da kowa ke da amsarsa, wa kake son gani, wane abu kake taya yi a gida, me zaka iya yi wa wani ya ji daɗi. Ka saba da cewa "wasu gidajen suna yin kaza, wasu kuma daban suke yi" maimakon "dukkanmu muna yi". Ko a biki ɗaya ma ba a yi iri ɗaya, Kirsimeti da yawanci ake yi 25 ga Disamba a Habasha 7 ga Janairu ake yinta, a Ostireliya kuma tsakiyar zafi take faɗowa duk da littattafan cike suke da ƙanƙara, kuma yara suna son jin irin wannan.

Idan akwai yaro ɗaya tilo da ke yin bikin da ake karantawa kar ka tsayar dashi gaban aji ba shiri kace ya yi bayani, ɗan shekara shida ba wakilin addini ko ƙabila bane. Ka same shi shi kaɗai tun jiya ka tambaye shi ko yana so ya faɗi wani abu, in yace a'a ka ƙyale shi. In wani yace "mu a gidanmu an ce wannan ba daidai bane" kar ka shiga musu dashi kuma kar ka ƙaryata iyayensa, kace "gidanku haka kuke, mutanen cikin littafin nan kuma ga yadda suke yi, muna karantawa ne mu san su", ka ci gaba da karatu. In kuma wani ya yi maganar rashin da aka yi musu a tsakiyar labari, kar ka yi kamar baka ji ba, ka dube shi kace ka ji, kana so ku yi maganar in an gama, kuma wallahi ka cika wannan alkawarin ko minti biyu ne.

Mataki na ƙarshe, bayan an rufe littafi. Ka ɗan yi shiru tukuna, kar ka faɗa kansu da "to me muka koya", su fara magana da kansu. Sai ku koma kan hasashen da suka yi a bango ku ga wa ya canka, ku sake ba da labarin tare kana juya shafuka su suna faɗa, farko, tsakiya, ƙarshe. Aiki ɗaya mara nauyi ya isa, su zana wurin da ya fi burge su su rubuta ko su faɗa maka jimla ɗaya a ƙasa, ko mutum uku su fito su kwaikwayi shafi ɗaya.

Kuma ka sake karanta shi. Malamai suna jin kamar maimaici ɓata lokaci ne amma binciken Jessica Horst a jami'ar Sussex ta Ingila a 2011 ya nuna 'yan shekara uku da aka maimaita musu labari ɗaya sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka karanta musu labarai daban-daban masu ɗauke da kalmomin. To ka tsara shi a sati, ranar farko don daɗin labari da tsayawa kaɗan, bayan kwana ɗaya ko biyu a sake da tambayoyi masu zurfi da kalmomin nan uku, karo na uku su ne za su ba da labarin kai kana riƙe da littafi kawai. Tsakanin nan ka ajiye shi a inda hannunsu zai kai, ka nuna musu yadda ake juya shafi daga kusurwar sama, in hannaye sun yi yawa a kansa ka rubuta sunaye a bi layi, biyu-biyu.